An Canza Mata Inji: Yadda Na Taya Yayana Ƙiyasta Kuɗin Tsohuwar Motar Amurka Da Waya

Yau za mu ɗan bar saitin waya da manhajoji mu leƙa garejin mota, amma kada kowa ya ajiye wayarsa, domin da ita za a yi aikin.

A nan wajenmu, idan dillali yana so ya ƙara wa mota daraja sai ka ji ya ce, “Alhaji, ba a daɗe da sa mata inji ba, ɗan Kwatano ne.” Mai saye ya ji daɗi, har ya ɗan ƙara a kan tayinsa. Kuma da gaskiyarsa, don Corolla ko Golf ta hawa ce, abin da ake nema ta tashi da safe ta kai yara makaranta. To akwai wata kasuwa a Amurka da wannan magana take aiki a juye. A can, da zarar an ce injin da ke cikin mota ba shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani ba, sai kuɗinta ya sauka, ko da sabon injin ya fi tsohon lafiya.

Kasuwar ita ce ta tsofaffin motocin da Amurkawa suke wa laƙabi da sunan da za mu iya fassarawa da “motoci masu ƙwanji”. An ƙera su ne daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Dabarar ba wata mai wuya ba ce: a ɗauki matsakaicin jikin mota a cusa masa ƙaton inji mai silinda takwas. Ana yawan cewa Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe ƙofa, sai irin su Chevelle SS, Dodge Charger da Plymouth Road Runner suka biyo baya. Lambobin da za ku gani a jikinsu, irin 396 ko 454, girman cikin inji ne a ma'aunin inci. Shi 454 ya kai lita 7.4, wato ya ninka injin Corolla mai lita 1.8 sau huɗu. Tsadar inshora, da dokokin hayaƙi, da ƙarancin man fetur na 1973 su suka kawo ƙarshen zamaninsu.

Samari ne suka fi sayensu a lokacin, kuma tsere suka riƙa yi da su. Inji ya fashe, a cire a jefar, a sa wani. Shi ya sa yau, bayan sama da shekara hamsin, wadda take tare da injinta na asali ta yi ƙaranci, kuma abin da ya yi ƙaranci kun san shi ke tsada.

Ni ban taɓa taka Amurka ba. Abin da ya haɗa ni da wannan harka shi ne Yayana, wanda ya daɗe yana tuƙin babbar mota a jihar Ohayo. Tun muna yara yake da son irin waɗannan motoci, a finafinai ya fara ganinsu. Shekara bakwai ya yi yana ware wani abu daga albashinsa, bayan abin da yake turowa gida, har ranar da ya turo mini hotunan wata jar Chevelle ta 1970 mai baƙaƙen layuka biyu a bonet. An rubuta SS 396 a tallar, kuɗi dala 56,000. A ƙasa mai motar ya ƙara da cewa injin asali ba ya nan, an sa mata 454, wanda a cewarsa ya ma fi.

“Auta, ka gani? Ya ma fi na asalin girma,” in ji Yaya.

Na ce, “Yaya, ka ba ni kwana uku kafin ka ba da ko sisi.”

Ba don na fi shi sanin mota ba. Shi ya san ƙarfe, ni kuma abin da na saba da shi lamba ne. Duk wanda ya taɓa sayen waya 'yar hannu ya san ana danna *#06# a ga ko lambar IMEI ta dace da ta jikin kwali. Ita ma mota tana da nata, kuma daga nan muka fara.

Abu na farko shi ne lambar shasi, wadda suke kira VIN. Tun daga 1968 ake sa ta a saman dashbod ta ɓangaren direba, yadda za a iya karanta ta ta gilashin gaba. Ku lura, lamba mai harafi 17 da muka sani a motocin yanzu sai a 1981 ta zama doka. Ta Chevrolet ta wancan zamanin 13 ce kawai, don haka Carfax da muke amfani da shi wajen duba tarihin motocin da ake shigowa da su ba zai karanta ta ba. Da ido da ilimi za ka warware ta.

Ta motar da Yaya yake so ta fara da 13637. Wannan na nufin Chevrolet, samfurin Malibu mai silinda takwas, mai ƙofa biyu. Sai 0, wato 1970. Sai harafin B, wato an haɗa ta a masana'antar Baltimore. Sauran shida kuma lambar jerinta ce. Da ta fara da 135, da an gama magana tun nan, domin wannan ta mai silinda shida ce, ba za ta taɓa zama SS ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A 1970, SS ba mota ce mai zaman kanta ba, ƙari ne da mai saye yake zaɓa a ɗora wa Malibu. Daga 1966 zuwa 1968 tana da lambarta daban, 138, amma daga 1969 aka daina. Kuma sai a 1972 kamfanin GM ya fara sa harafin inji a cikin lambar shasi. Ke nan SS ta gaskiya ta 1970 da Malibu ta talaka mai ƙaramin inji 307, duk da 136 suke farawa. Lambar shasi ba za ta raba maka su ba.

To me zai raba? Babban mai shaida shi ne injin da kansa. A irin waɗannan injuna na Chevrolet, akwai wani ɗan fili mai santsi a gaban bulok ta ɓangaren fasinja. A nan ake buga lambobi iri biyu. Ɗaya tana faɗin masana'antar da ta haɗa injin, da wata da rana, da haruffan da ke nuna irinsa. Manyan injuna suna farawa da T, wato Tonawanda. Ɗayar kuma guntun lambar shasin motar ce: shekara, harafin masana'anta, da lambobi shidan ƙarshe. A wasu motocin ana samun wannan guntun a kusa da filtar mai. Idan shidan nan suka yi daidai da na dashbod, kuma haruffan suka nuna injin SS ne, to mota ta kawo shaidarta da kanta.

Kun ga ke nan a wannan mota cire inji ya wuce canza ƙarfe. An ɗauke wanda zai tsaya ya ce ita ce. Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe a duk rubutun nan.

Ba duk kamfanoni ne haka ba. A Dodge da Plymouth, harafi na biyar na lambar shasi yana faɗin injin da mota ta fito da shi. A 1970, R na nufin 426 Hemi, U kuma 440 mai kafireta ɗaya. GTO daga 1966 zuwa 1971 tana farawa da 242, kuma akwai PHS da ke ba da kwafin takardun kamfanin Pontiac. Motocin Ford daga 1967 ana sayen rahotonsu da ake kira Marti Report ta intanet. Ita kuwa Chevelle, sai wadda aka haɗa ko aka sayar a Kanada ce ake iya neman takardarta daga ma'ajiyar GM ta can. Tamu 'yar Baltimore ce da ta yi rayuwarta a Amurka, don haka wannan ƙofar a rufe take.

Ranar da Yaya ya je ganin motar, ƙarfe huɗu na yamma ne a wurinsu, tara na dare a nan. Muka yi kiran bidiyo. Na roƙe shi ya goge filin nan da tsumma kawai, kada ya kankare da komai, sannan ya kunna fitilar waya ya haska daga gefe, ba daga sama ba. Haske daga gefe shi ke fito da zurfin lamba. Kuma shi ke nuna wasu siraran layuka da injin kamfani yake bari a kan filin, masu tafiya daga gaba zuwa baya. Idan ka ga filin ya yi sumul, ko layukan sun yi zagaye, to an taɓa goge shi, kuma akwai masu goge lamba su buga wata. Na ce ya ɗauki hotuna ya turo su a matsayin fayil, domin idan aka turo hoto kai tsaye ta WhatsApp yana matse shi, ƙananan layukan su ɓace.

Lambar da ke filin ba ta da alaƙa da motar, kuma dama mai ita bai ɓoye ba. Sai muka koma bayan bulok, wajen da yake haɗuwa da giya, inda ake samun lambar zubi da ranar da aka zuba ƙarfen. Harafi shi ne wata, A Janairu, B Fabrairu, haka har ƙarshe, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Tasa ta ƙare da 6. Tunda 454 a 1970 ya fara fitowa, to wannan injin ko na 1976 ne ko na bayansa. Girma dai ya fi 396, wanda shi ma a 1970 ainihin girmansa 402 ne, sunan kawai aka bari. Amma tun 1971 GM ya rage matsin cikin silinda saboda fetur mai ƙarancin dalma, don haka 454 na tsakiyar shekarun 1970, in ba an sake masa aiki ba, bai kama ƙafar na 1970 ba. Wanda ake kira LS6 a waccan shekarar ƙarfin doki 450 aka rubuta masa. Suna ɗaya, girma ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne.

Saura takarda. Ma'aikatan masana'anta sukan bar takardar haɗa mota a cikinta, wani lokaci a ƙarƙashin kujerar baya, ko bayan marfin ƙofa, ko saman tankin mai. A jikinta ake ganin Z25 idan SS 396 ce, ko Z15 idan SS 454 ce. Akwai kuma wani ɗan katin ƙarfe da ke zuwa da littafin garanti, mai ɗauke da lambar inji. Mai motar ya yarda aka ɗaga kujerar baya, ba a sami komai ba. Katin ma ya ce bai taɓa gani ba. Ya nuna wa Yaya dashbod mai zagayayyun agogo, da bak-aksil mai noti 12 a murfi, da birkin faifai a gaba, duk kayan SS ne. Gaskiya ne. Sai dai duk waɗannan ana sayensu a ɗaura, shi dashbod ɗin ma irinsa ne a Monte Carlo ta wannan shekarar.

Ban ce mutumin ƙarya yake ba. Mai yiwuwa SS ce ta gaske. Amma ba shi da abin nunawa, kuma ranar da Yaya zai sayar, shi ma ba zai sami abin nunawa ba.

A abin da na fahimta, injin da ba na asali ba hawa-hawa ne. Mafi kusa da na asali shi ne wanda kamfani da kansa ya canza a ƙarƙashin garanti, irinsa Chevrolet kan buga masa CE, musamman idan akwai takardar gyaran. Mai bi masa shi ne inji irin wanda ya kamata, wanda aka zuba 'yan makonni kafin ranar haɗa motar. Ranar haɗawar tana kan wani faranti a ƙarƙashin bonet, misali 04B na nufin mako na biyu na Afrilu. Inji ba zai girmi mota da shekara ba, kuma ba zai zama ƙaninta ba. Sai injin gida ɗaya amma na wata shekara, irin namu. Na ƙarshe shi ne injin zamani mai kwamfuta da ake sa wa tsohon jiki. Wannan kasuwarsa daban ce, ingancin aikin ake saye, kuma mai kyau yakan yi tsada sosai.

Sannan asarar tana bin darajar injin da aka rasa. Motar da ta fito da Hemi ko LS6, rabin sunanta injin ne, in babu shi faɗuwar mai nisa ce. Malibu da ta fito da 307 kuwa, in aka sa mata babban inji mai lafiya, sau da yawa ƙaruwa ma take yi, don ba wanda yake kukan rashin 307.

Daga nan sai lissafi. Na buɗe tebur a Google Sheets a wayata. Na shiga Bring a Trailer da sakamakon gwanjon Mecum da Barrett-Jackson, ina neman Chevelle ta 1970 mai ƙofa biyu. Kuɗin da aka sayar kawai na ɗauka, ban kula da kuɗin da ake nema ba, don kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a talla. Na raba su gida uku: masu injin asali da takarda, masu takarda amma babu injin asali, da waɗanda aka fito fili aka ce Malibu ce aka yi wa kwalliyar SS. Na kuma duba ma'aunin Hagerty, wanda ya kasa lafiyar mota mataki huɗu, daga 1 wadda ba ta da aibi ko kaɗan zuwa 4 wadda ake hawa da 'yan matsalolinta. Wannan yana da muhimmanci, don kada ka gwada motar mataki na 3 da kuɗin ta mataki na 1. Kuma kada a manta, a gwanjo akwai la'adar da mai saye yake biya a kan kuɗin da aka buga.

Da teburin ya cika, abin ya fito fili. Kuɗin da mutumin yake nema na gida na biyu ne, motarsa kuwa a bisa abin da za a iya tabbatarwa 'yar gida na uku ce.

Na kuma matsa wa Yaya ya biya wani mai duba tsofaffin motoci wanda ba ruwansa da cinikin, ya ɗaga ta sama. Waya tana da iyaka, ba ta jin ƙarar inji yadda kunne yake ji, ba ta taɓa ƙarfe. Ohayo wuri ne da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri abokin tsatsa ne. Shasin da ya ruɓe ya fi canjin inji cin kuɗi nesa ba kusa ba. Mutumin ya auna matsin silinda takwas ɗin, ya bi jiki da na'urar auna kaurin fenti, ya duba ko lambar dashbod ta dace da ta takardar mallaka. Ya ce shasi lafiya, inji lafiya, amma ƙasan gilashin baya da kwanon but sun fara ci. Muka cire kuɗin wannan gyaran daga lissafi, abin ya tsaya a dala 40,000.

Yaya ya yi shiru a waya. Can ya ce, “Auta, ni fa hawa zan yi, ba ajiyewa zan yi a ɗaki ina kallo ba.”

Na ce, “Shi ya sa ma ta dace da kai, Yaya. Mai injin asali tsoron taka ta za ka riƙa yi, don in ya fashe kuɗinka ya fashe. Wannan kuwa ka taka yadda kake so. Amma ka biya kuɗin ta hawa, kada ka biya kuɗin ta ajiya.”

Ya taya 40,000, mutumin ya ce albarka. Mako uku ba wanda ya kira wani, kuma na san Yaya bai ji daɗina ba a kwanakin nan, don gaisuwarsa ma ta gajarce. Daga baya mutumin ya nemo shi, suka tsaya a 43,000. Dubu ukun da ya hau kan lissafina Yaya ya san da su, ya ce kuɗin son ransa ne, kuma ban ja da shi ba. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Abin da na roƙa kawai shi ne a rubuta a takardar ciniki cewa injin ba na asali ba ne, kuma ba a tabbatar SS ce ba, su biyun su sa hannu.

Ga wanda wata rana zai tsinci kansa a irin wannan ciniki, ko yana can ko yana taya wani daga nan, ga abin da zan ce. Ka fara da lambar shasi, ka san abin da take iya tabbatarwa a wannan kamfanin da wannan shekarar, da abin da ba za ta iya ba. Ka rubuta lambar a Google, wani lokaci tsohuwar tallar motar tana fitowa da bayanin da ya saɓa da na yanzu. Ka sa hotunan tallar a Google Lens, don akwai masu satar hoton motar wani su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye a nuna maka lambobin, wanda ya ƙi kuwa ka bar masa kayansa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tambaya ko tsohon injin yana nan a ajiye, don in yana nan, ko a fashe yake, yana da daraja, a haɗa maka da shi. Kuma kada ka saya da niyyar wai za ka nemo inji irin na asali ka mayar da ita yadda take. Za ka iya samun mai kama da shi, amma wanda aka buga wa lambarta guda ɗaya ne a duniya.

A irin wannan kasuwa abu biyu ake sayar maka a kuɗi ɗaya: motar da za ka hau, da labarin asalinta. Ta farko ana gwada ta a titi da kan na'ura. Na biyun sai da lamba ko takarda. Idan babu su, ka saurari labarin da ladabi, amma a teburin lissafinka ka rubuta masa sifili. Haka nake yi ko waya 'yar hannu zan saya aka ce mini “ba a taɓa buɗe ta ba”, sai na ce to mu duba tare.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.